Maganin beta-buloka: tambayoyin da masu hawan jini da ciwon zuciya suka fi yi

Wanda duk ya daɗe yana miƙa wa marasa lafiya magani ya san wannan kallon. Mutum ya karɓi kwalin, ya juya shi, ya karanta sunan da ƙyar, sannan ya ɗago ya ce, "Wannan ɗin na hawan jini ne ko na zuciya?" Amsar ita ce duka biyun, amma ya fi karkata ga zuciya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa. Ba za su maye gurbin likitan da ya san jikinka ba, sai dai za su sa ka san abin da za ka tambaye shi.

Ta yaya zan gane ko maganin da nake sha beta-buloka ne?

Duba ƙarshen sunan. Yawancinsu suna ƙarewa da "olol": atenolol, propranolol, metoprolol, bisoprolol, nebivolol. Akwai carvedilol da labetalol da suka ɗan bambanta a rubutu, amma 'yan gida ɗaya ne. Kada babban sunan kamfani da ke jikin kwali ya ruɗe ka, sunan maganin na ainihi yana nan a ƙarƙashinsa da ƙananan haruffa. Har maganin ɗiga wa ido mai suna timolol, da ake ba masu hawan jinin ido, ɗan wannan dangi ne, kuma yana iya ratsawa ya shiga jini.

Me yake yi a jiki?

Ka tuna yadda kake ji idan aka firgita ka. Ƙirji ya hau dukan uku-uku, hannu na rawa, numfashi na fita sama-sama. Wani sinadari ne mai suna adirenalin, da ɗan'uwansa noradirenalin, ke jawo wannan. Ba sa aiki sai sun sami wurin sauka a jikin gaɓoɓi, kuma waɗannan masaukai su ake kira beta. Akwai beta-1, wanda ya fi yawa a zuciya da ƙoda. Akwai beta-2, wanda ke hanyoyin numfashi da jijiyoyin jini da hanta da mahaifa.

Maganin yana zuwa ya zauna a masaukin, adirenalin ya zo ya tarar an riga shi. Sai zuciya ta rage gudu, ta rage ƙarfin matsa jini, buƙatarta ta iskar oksijin ta ragu. Ƙoda ma ta rage sakin wani sinadari mai suna renin da ke taimakawa wajen ɗaga jini. Linzami ne aka sa wa zuciya, kuma da wannan hoton za ka fahimci amfaninsa da illolinsa gaba ɗaya.

Atenolol, bisoprolol, metoprolol da nebivolol sun fi kama beta-1, wato sun fi tsayawa a kan zuciya. Propranolol ba ya zaɓe, duk inda ya ga beta sai ya zauna. Carvedilol da labetalol kuma suna da ƙarin aikin buɗa jijiyoyin jini.

Tun yaushe ake amfani da shi?

Tun shekarun 1960. Wani masanin magunguna ɗan Sikotilan, James Black, shi ne ya jagoranci samar da propranolol a kamfanin ICI na Ingila. A lokacin masu bincike sun dage wajen neman hanyar ƙara wa zuciya jini. Shi kuwa sai ya juya tambayar: me zai hana a rage wa zuciyar aiki, ta yadda ɗan jinin da take samu zai ishe ta? Wannan tunani na cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1988.

Hawan jini kawai gare ni. Me ya sa likita ya ce ba wannan zai fara ba ni ba, alhali mahaifina shi ya sha shekara da shekaru?

Saboda ilimi ya motsa. A da atenolol na sahun gaba wajen maganin hawan jini. Daga baya manyan bincike, irin su LIFE a 2002 da ASCOT a 2005, suka nuna cewa ko da yake yana sauke jini, bai kai wasu magungunan kare mutum daga shanyewar ɓarin jiki ba. A 2006 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta janye shi daga sahun farko. Jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ma ya sa wasu rukunai ne a gaba: irin su amlodipine, magungunan sa fitsari na thiazide, da dangin lisinopril ko losartan.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. A jikin yawancin mutane baƙar fata, beta-buloka shi kaɗai ba ya sauke jini yadda amlodipine ko maganin sa fitsari ke yi, domin hawan jininsu bai cika dogara da renin ba. Haka ma ga tsofaffi.

Amma fa wannan ba ya nufin maganin mahaifinka ba shi da amfani. Idan hawan jini ya haɗu da ciwon ƙirji, ko gazawar zuciya, ko bugun zuciya mai sauri, ko mutum ya taɓa samun toshewar jijiyar zuciya, to beta-buloka ya dawo gaba. Ana kuma ƙara shi idan an haɗa magani uku jinin ya ƙi sauka. A ganina kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar mutum shekara goma a kan atenolol ba wanda ya sake tambayar dalilin da ya sa aka fara shi.

To a waɗanne cututtuka ya fi yin tasiri?

Ciwon ƙirji da ke tasowa idan an hau bene ko an yi sauri, wanda likitoci ke kira anjaina. Bayan toshewar jijiyar zuciya. Gazawar zuciya. Bugun zuciya da ya rikice yake gudu ba tsari.

Ban da zuciya ma yana da aiki. Propranolol na rage yawan tasowar ciwon ɓarin kai, yana kwantar da rawar hannu, yana kuma lafar da bugun zuciya da gumi ga wanda maƙoƙonsa ke aiki fiye da kima. Masu ciwon hanta da jijiyoyin maƙogwaronsu suka kumbura ana ba su don kada jijiyoyin su fashe. A 2008 likitoci a birnin Bodo na Faransa suka lura cewa yana rage girman wani jan ƙari na jijiyoyin jini da ke fito wa jarirai, yanzu shi ne maganinsa na farko.

An ce zuciyata ta yi rauni. Ta yaya kuma za a ba ni maganin da ke rage mata ƙarfi?

Tambayar tana kan hanya, domin likitoci ma haka suka yi tunani shekaru da yawa. Har a littattafai an rubuta cewa kada a ba mai gazawar zuciya beta-buloka. Wasu likitoci a Suwidin ne suka fara gwada akasin haka a 1975, kuma an daɗe ba a yarda da su ba.

Ga abin da ke faruwa. Idan zuciya ta gaza, jiki yana ta zuba mata adirenalin dare da rana don ta ƙara ƙoƙari, kamar mai dukan dabbar da ta gaji da kaya. Na ɗan lokaci tana jurewa, amma dukan ne ke ƙarasa ta. Beta-buloka yana karɓe bulalar. Zuciyar ta sami sararin cika da jini kafin ta matsa, a hankali naman nata ya ɗan farfaɗo. A 1999 aka fitar da sakamakon manyan bincike biyu, CIBIS-II a kan bisoprolol da MERIT-HF a kan metoprolol, dukkansu suka nuna mace-mace sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Binciken COPERNICUS a kan carvedilol ya zo da makamancin haka a 2001.

Sharaɗin shi ne a fara da ɗan kaɗan. Bisoprolol akan fara da miligiram 1.25 a rana, ƙwaya 'yar mitsitsiya da idan ta faɗi ƙasa sai an sha nema, a riƙa ƙarawa sannu a hankali har zuwa 10 idan jiki ya ɗauka. Carvedilol akan fara da 3.125 sau biyu a rana. Tsakanin ƙari da ƙari akan bar mako ɗaya zuwa biyu ko fiye. Ba a fara shi ga wanda ƙafafunsa suka kumbura suntum, ruwa ya cika masa huhu. Sai an fara janye ruwan. Kuma a makonnin farko mutum na iya jin kamar abin ya ƙaru. Amfanin yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin a ji shi a jiki. Wanda ke wannan hali ya riƙa hawa ma'auni kowace safiya. Idan nauyi ya ƙaru da kusan kilo 2 cikin kwana biyu zuwa uku, ruwa ne ke taruwa, a sanar da likita.

Ba kowane beta-buloka ke wannan aiki ba. Bisoprolol, carvedilol, metoprolol mai saki a hankali da nebivolol su ne aka tabbatar. Kada a musanya su da atenolol don kawai shi aka samu.

Na auna bugun zuciyata na ga 55. In tsorata?

Ga babban mutum da ke zaune yana hutawa, bugu 60 zuwa 100 a minti shi ne daidai. Mai shan wannan magani kuwa, 55 ba abin tashin hankali ba ne in dai yana jin daɗin jikinsa. Sau da yawa ma can likita ke son ya kai.

Ka koyi aunawa da kanka. Zauna minti biyar. Juya tafin hannunka sama, ɗora yatsa manuni da na tsakiya a wuyan hannu, ɓangaren babban yatsa, a ɗan kwarin da ke gefen jijiyar nan mai tauri. Kada ka danna da ƙarfi, kada kuma ka yi da babban yatsa don shi ma yana da nasa bugun. Idan ka ji shi yana taɓa yatsunka, kalli agogo ka ƙirga na minti ɗaya cif. Rubuta a takarda da kwanan wata.

Idan ya sauka ƙasa da 50, ko yana tare da jiri, ganin duhu, ƙarancin numfashi ko suma, a nemi likita a ranar. Suma kam asibiti ne kai tsaye.

Waɗanne illoli zan sa ran gani?

Kasala ita ce kan gaba, musamman a makonnin farko. Sai sanyin tafin hannu da ƙafa, da jiri idan an miƙe da sauri. Wasu na samun munanan mafarkai ko barci ya ƙi, kuma an fi ganin haka da propranolol domin yana ratsawa cikin ƙwaƙwalwa cikin sauƙi. Nauyi kan ɗan ƙaru. Mai cutar fata ta soriyasis na iya ganin ta tsananta. Yawancin waɗannan suna lafawa da kansu, waɗanda suka ƙi kuma sauya iri ko rage yawa kan magance su.

Gaskiya ne yana rage wa namiji ƙarfi?

Yana iya yi, amma bai kai yadda ake yayatawa ba. Hawan jinin kansa, da ciwon suga, da shan taba, duk suna lalata ƙananan jijiyoyin da wannan harka ta dogara da su, kuma sau da yawa matsalar ta riga maganin zuwa. Tsoro ma na taka rawa: wanda aka gaya wa cewa ƙwayar za ta kashe masa gaba ya fi saurin ganin hakan. Abin da ke damuna shi ne maza da yawa ba sa faɗa. Sai su ajiye maganin shiru, su dawo bayan wata uku da jini a sama. Malam, faɗa wa likita. Ba kai ne na farko ba, kuma akwai irin su nebivolol da ba su cika jawo wannan ba.

Ina da asma. Zan iya sha?

A nan a yi hattara sosai. Beta-2 ne ke buɗa hanyoyin numfashi, kuma ta nan maganin shaƙa na salbutamol ke aiki. Propranolol na iya toshe ƙirjin mai asma, ya kuma hana maganin shaƙar yin tasiri a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Ko maganin ido na timolol ya taɓa jawo wannan. Don haka duk mai asma ya faɗa tun kafin a rubuta, ko da rabonsa da tashin ciwon ya yi shekaru. Idan larura ta zuciya ta tilasta, ƙwararren likita na iya gwada irin mai kama beta-1 da ɗan kaɗan, yana sa ido. Masu daɗaɗɗen ciwon huhu na shan taba kuwa, galibinsu suna ɗaukar bisoprolol ko metoprolol lafiya.

Mai ciwon suga fa?

Yana sha, da yawa ma suna buƙatarsa. Abin lura shi ne idan suga ya faɗi, bugun ƙirji da rawar jiki ne ke fara gargaɗin mutum, kuma adirenalin ne ke kawo su. Maganin yana rufe bakin wannan gargaɗi. Abin da ba ya rufewa shi ne gumi. Mai yin allurar insulin ko shan irin su glibenclamide, idan ya ji zufa ta karyo masa ba dalili, ya auna suga nan take. Ya ƙara yawan aunawa idan ya daɗe bai ci abinci ba ko ya yi aikin ƙarfi.

Jinina ya sauka, ina jin daɗi. Zan iya dainawa?

A'a, ba da kanka ba, kuma ba rana ɗaya ba. Idan akwai amsa ɗaya da nake so a riƙe a wannan shafi, ita ce wannan.

Duk tsawon lokacin da kake shan maganin, zuciya tana ƙara yawan masaukan beta don ta rama toshewar da aka yi mata. Ranar da ka yanke shi kwatsam, adirenalin zai zo ya tarar da ƙofofi fiye da na da, duk a buɗe. Cikin kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki zuciya ta hau gudu, jini ya haura, ciwon ƙirji ya dawo. Ga wanda jijiyoyin zuciyarsa suka ƙuntata, hakan na iya kaiwa ga toshewa ko mutuwar farat ɗaya.

Na taɓa ganin wani dattijo da aka shigo da shi yana dafe da ƙirji, rigarsa sharkaf da gumi. 'Yarsa ce ta buɗe jakar magungunansa a kan tebur, ta zazzage. Duk suna nan, sai katin metoprolol da ya zama fanko, kowane gurbi a fashe. Na ce, "Baba, yaushe wannan ya ƙare?" Ya ɗaga yatsu huɗu. Ya ce ya ga sauran suna nan da yawa, ya ɗauka za su riƙe shi zuwa ranar ganin likita. Allah ya sa an zo da wuri.

Idan akwai dalilin dainawa, likita zai riƙa rage shi kaɗan-kaɗan cikin mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye. Ka nemi sabo tun saura na mako guda, kuma idan za ka yi tafiya ka sa shi a jakar hannu.

Idan na manta ban sha ba fa?

Sha da zarar ka tuna. Idan lokacin na gaba ya kusa, bar wanda ya wuce. Kada a haɗa biyu.

Da abinci ake sha ko kafin abinci?

Carvedilol da abinci, don kada jini ya faɗi da sauri a ji jiri. Metoprolol da abinci ko bayansa nan take. Bisoprolol da atenolol ba su damu ba, in dai lokaci ɗaya ne kullum. Ƙwayar da aka yi ta don ta saki magani a hankali ba a tauna ta, ba a niƙa ta.

Waɗanne magunguna ne ba sa jituwa da shi?

Verapamil da diltiazem su ne na farko, domin su ma suna rage gudun zuciya, haɗuwarsu na iya sa ta kusa tsayawa. Digoxin da amiodarone ana haɗa su da shi, amma da sa idon likita. Mai shan maganin hawan jini na clonidine kada ya yanke shi yana kan beta-buloka, jini na iya yin mummunan tashi. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna rage tasirinsa, suna kuma sa jiki riƙe ruwa. Maganin mura mai pseudoephedrine yana ɗaga jini. Wasu magungunan damuwa, kamar fluoxetine da paroxetine, suna sa metoprolol taruwa a jini.

Wanda jikinsa ke mummunan tashi idan ƙudan zuma ta harbe shi ko ya ci wani abu, shi ma ya faɗa, domin allurar adirenalin da ake ceton rai da ita ba ta cika aiki sosai ga mai shan wannan magani ba.

Ina da juna biyu, ko ina shayarwa.

Labetalol na cikin magungunan da aka fi ba mai ciki idan jininta ya hau. Atenolol kuwa ana guje masa don yana iya hana jariri girma yadda ya kamata, kuma yana taruwa a ruwan nono fiye da sauran. Labetalol, propranolol da metoprolol kaɗan ne ke fita a nono. Idan kin gano kina da ciki kina kan ɗayansu, kada ki yanke. Je ki a duba, a sauya in da buƙata.

Zan iya motsa jiki?

Ƙwarai, ana ma so. Sai dai bugun zuciyarka ba zai hau yadda ya saba ba, don haka kada ka bi lissafin agogon hannu. Ma'auni mai sauƙi shi ne ka iya magana kana tafiya ba tare da numfashi ya katse ba. 'Yan wasan harbin bindiga da na kwari da baka an hana su shan sa a gasa, saboda yana tsayar da rawar hannu. A gasar Olamfik ta Beijin a 2008 an ƙwace lambobi biyu daga wani maharbi ɗan Koriya ta Arewa saboda propranolol.

Bayan toshewar jijiyar zuciya, har abada zan sha?

Da haka ake cewa. Yanzu ya danganta da yadda zuciyar ta fito daga ciwon. Idan hoton zuciya ya nuna ƙarfin matsawarta ya ragu, ana ci gaba ba ranar dainawa. Idan ƙarfinta bai taɓu ba, kuma an buɗe jijiyar da wuri, wani babban bincike da aka jagoranta daga Suwidin mai suna REDUCE-AMI ya nuna a 2024 cewa maganin bai ƙara wa irin waɗannan kariya ba. Likitocin zuciya na ci gaba da auna wannan, kuma hukuncin na kowane mutum daban ne. Tambayi naka ko an yi maka hoton, da abin da ya nuna.

Za a yi mini tiyata. In ajiye shi?

A'a. Wanda ya saba sha yakan ci gaba har safiyar aikin, da ɗan kurɓin ruwa. Sanar da likitan da zai sa ka barci sunan maganin da yawansa.

Idan yaro ya haɗiye, ko wani ya sha fiye da kima?

Asibiti nan take, ko da mutumin na cewa lafiyarsa lau. Alamun kan yi jinkiri, musamman da ƙwaya mai saki a hankali, sannan bugun zuciya da jini su faɗi lokaci guda. Propranolol ya fi sauran haɗari, yana iya kawo jijjiga, yara kuma sugansu na iya faɗuwa. Kada a tsaya sa shi amai. A ɗauki kwalin a tafi da shi, a kuma ƙirga ƙwaya nawa suka rage.